Basilin, kirim ɗin ido ko man fuska: wanne za a shafa in fatar ido ta bushe?

Na ɗauki kusan wata uku fatar saman idona tana bushewa tana zubar da wani fari-fari kamar dusa, da safe in tashi ta ɗan tasa, da dare kuma ƙaiƙayi ya hana ni sakat, ina sosawa tana ƙara duhu. A tsakanin nan na sayi kirim ɗin ido kala uku, duk wanda na shafa sai raɗaɗi ya ƙaru, har sai da na je wajen likitar fata sannan na gane ashe tun farko ban san irin fatar da nake mu'amala da ita ba. Shi yasa in naga mutum yana tambaya wai me zai shafa ma fatar idonsa abun yana taɓa ni sosai, don nasan yadda yake hana mutum sukuni, ga shi a fuska yake ba wajen ɓoyewa.

Toh abu na farko dai, fatar ido ita ce mafi siranta a duk jikin ɗan Adam, kaurinta bai kai milimita 1 ba, wani wajen ma kusan rabin milimita ne, kuma kusan babu kitse a ƙarƙashinta. Sannan bata hutawa, muna ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, ku lissafa na yini guda ku gani. Siranta ɗin nan yasa ruwa yake saurin fita daga cikinta ta bushe, kuma duk abun da aka shafa mata yana saurin shiga. Man da zaki shafa a kumatu ko goshi shekara da shekaru lafiya ƙalau, shi ɗin dai in ya hau fatar ido sai ya tada ƙura. Da wannan ma'aunin nake auna duk mayukan da zan yi magana akai, wato me ke ciki, kuma abubuwa nawa ne a ciki.

Duk wani mai da ake cewa yana sa fata laushi aiki uku ne yake yi, ko ɗaya daga ciki. Akwai masu jawo ruwa zuwa saman fata irin su gilisarin da hayaluronik asid, akwai masu cike 'yan tsagogin da ke tsakanin ƙwayoyin fata ta yi santsi irin su seramaid da sikwalen, sai kuma masu rufe saman fata kamar murfi su hana ruwan tsirarewa, sarkinsu shine basilin. In kin riƙe wannan a kai zaɓin zai zo miki da sauƙi.

Bari in fara da basilin tunda shi mutane suka fi rainawa. Tun 1872 wani Ba'amurke Robert Chesebrough ya yi masa rajista da sunan Vaseline, kuma har yau a wajen hana ruwa fita daga fata babu wanda ya kamo shi, yana tare sama da kashi 98 cikin 100 na ruwan da zai fita, alhali su lanolin da silikon basa wuce kashi 20 zuwa 30. Amma ni ba wannan ne ma ya fi burge ni ba. Abun da yasa ya dace da fatar ido shine abu ɗaya ne tal a cikin kwalbar, babu ruwa a ciki, tunda kuma babu ruwa ƙwayoyin cuta basa samun wajen zama, kenan baya buƙatar sinadaran hana lalacewa, waɗanda su ne suke yawan haddasa alaji. Da wuya ƙwarai kiji wanda jikinsa ya ƙi tsantsar farin basilin, har ma likitoci in zasu yi gwajin alaji a fata a cikinsa suke kwaɓa yawancin sinadaran da zasu gwada, kuma magungunan ido na shafawa da yawa shine tushensu. In fata ta tsage ko ta yi ja tana zogi, shine abu ɗaya da na sani wanda zaki shafa baki ji raɗaɗi ba.

Amma fa yana da nashi matsalolin kuma bazan ɓoye ba. Shi baya kawo ruwa, tsare wanda ya tarar yake yi, don haka in kin shafa shi a busasshiyar fata ƙamas maiƙo kawai zaki samu, dole sai an wanke fuska fatar tana da ɗan danshi sannan a ɗora shi. Yana da nauyi, in ya yi yawa ya gangara cikin ido gani zai yi hazo-hazo na ɗan lokaci, masu saka lens a ido kuma zai ɓata musu shi. Kwalliya bata zama a kansa, maskara da jagira duk narkewa suke. Wasu kuma in suka daɗe suna lafta mai mai nauyi a kewayen ido sai wasu 'yan ƙananan fararen ƙuraje masu tauri kamar ƙwayar gero su fito musu, basa ciwo amma suna daɗewa. Ido ba mudu ba ya san kima, ɗan abun da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya ishi ido biyu, a murza shi a yatsa ya narke sannan a ɗan daddanna. Kuma dan Allah tsantsar fari nake nufi, ba wanda aka zuba ma ƙamshi ko kala ba, wannan ya riga ya zama wani abu daban.

Akwai kuma mayuka masu kauri da suke kama da basilin amma an haɗa su da wasu abubuwa, misali Aquaphor, kashi 41 cikin 100 ɗinsa basilin ne sauran akwai gilisarin da fantenol da lanolin. Ya fi daɗin shafawa kuma yana ɗan jawo ruwa, ga mutane da yawa yana yi musu kyau sosai. Sai dai lanolin ɗin nan daga gashin tumaki ake samunsa, kuma a 2023 ƙungiyar likitocin alajin fata ta Amurka ta zaɓe shi a matsayin sinadarin alaji na shekara, musamman ga masu egzima da waɗanda fatarsu ta riga ta sami rauni. Toh kinga wanda fatar idonsa take ciwo shine daidai mutumin da ya kamata ya yi taka-tsantsan da shi.

Sai man fuska na kullum wanda ba ƙamshi, irin masu seramaid da gilisarin, su CeraVe da Cetaphil da Vanicream da makamantansu. Gaskiya in fatar idonki bushewa ce kawai take yi, babu ja babu tsagewa babu ƙaiƙayi, wannan shine zaɓin da ya fi dacewa da rana. Kusan rabin kitsen da yake riƙe saman fatarmu seramaid ne, in ya ragu fata sai ta zama kamar bangon da siminti ya zube tsakanin bulo, ruwa na fita abubuwa na shiga, man da ke da shi yana taimakawa wajen toshe wannan giɓin, ga shi yana shiga fata baya barin ƙyalli, ana iya ɗora kwalliya bayan 'yan mintoci. Inda yake da rauni shine akwai ruwa a ciki, duk abun da ke da ruwa kuma dole a saka masa sinadarin hana lalacewa da wanda zai haɗa ruwa da mai, jerin kayan ciki sai ya kai 20 ko fiye, in fatarki ta ƙi shi baki san wanne ne mai laifin ba. Kuma ku duba da kyau, man fuska da yawa ana saka musu asid ɗin saɓe fata irin su gilaikolik da salisilik, ko yuriya mai yawa, ko retinol, waɗannan a tafin ƙafa ko goshi suna aiki amma a fatar ido wuta ne. Loshan mai ruwa-ruwa kuma shi ya fi kowa saurin gangarawa cikin ido, ga shi baya daɗewa, in zaki zaɓa ki ɗauki kirim mai ɗan kauri.

Yanzu kirim ɗin ido kansa, wanda ake sayarwa a 'yar ƙaramar kwalba mai mililita 15 da tsadar da ta fi ta babbar kwalbar man fuska. Nan ne zan ɗan tsaya don nan ne na fi asara. Ba wai duka ƙarya bane, a'a, akwai masu kyau waɗanda aka rage musu ƙarfin sinadarai, aka cire ƙamshi, aka yi su yadda basa gudu cikin ido. Amma in kin juya bayan kwalin kin karanta zaki ga yawancinsu kayan man fuska ne dai, ruwa, gilisarin, silikon, ɗan mai, sai a ƙara wani abu guda da za a rubuta da manyan baƙaƙe a gaba. Kuma yawanci ba don bushewa aka yi su ba, don tamoji da duhun ƙasan ido da kumburi aka yi su, shi yasa ake cusa musu retinol da bitamin C da kafeyin da tsatson tsirrai iri-iri. Kafeyin yana ɗan tsuke jijiyoyin jini kumburin safe ya sauka na wasu awanni, shikenan aikinsa. Retinol yana aiki akan tamoji da gaske amma yana busar da fata yana saɓe ta, kuma da yawa daga cikin kirim ɗin nan in kin karanta umarnin zaki ga an ce a shafa akan ƙashin da ya kewaye ido ne, ba akan fatar da take motsi ba. Ni ban karanta ba a lokacin, na dinga shafawa har gindin gashin ido.

Sannan rubutun da ake yi a jiki wai likitocin ido sun gwada, ko wai baya kawo alaji, kar ya ruɗe ku, a Amurka ma hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta faɗa ƙarara cewa babu wata ƙa'ida ta gwamnati da ta fayyace ma'anar kalmar baya kawo alaji a kayan kwalliya, kamfani ne yake rubuta abunsa. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Ni a wajena kirim ɗin ido na wanda fatarsa take lafiya ne yake neman ƙarin gyara, wanda fatar idonsa take saɓa tana ƙaiƙayi ya ajiye shi tukunna.

Jel na hayaluronik asid kuma yana da sanyi da daɗi, masu fata mai maiƙo suna sonsa, amma shi kaɗai baya riƙe ruwa, in iska ta bushe ko kina yini cikin esi zaki ji fatar ta ɗaure bayan awa ɗaya. Sai an ɗora kirim ko ɗan basilin a kansa.

Mayukan tsirrai fa? Nasan da yawa suna ganin tunda daga itace ya fito ai ba zai cutar ba, amma ba duka suka zama ɗaya ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun sa mutane shafa man zaitun a hannu kullum na kamar wata guda, sai aka ga ya raunana saman fatar har da ɗan ja, man sunfulawa kuma da aka gwada tare da shi bai yi haka ba, dalili shine man zaitun yana da olik asid da yawa wanda yake sassauta shingen fata. Toh in hannu ya ji haka ina ga fatar ido. Man kaɗanya tsantsa wanda aka tace yana da kauri yana zama inda aka sa shi, yana laushi sosai, kuma ba kasafai yake tada alaji ba, in mutum baya son basilin shine na biyu da zan nuna masa, sai dai baya tare ruwa kamar basilin kuma wanda ba a tace da kyau ba yana iya zuwa da datti. Man kwakwa yana narkewa da ɗumin jiki ya shige ido, wasu kuma yana toshe musu ƙofofin fata. Su kuma mayukan ƙamshi masu ƙarfi irin na labanda da na'a-na'a da ti tiri, wallahi kar ki kusantar da su fatar ido, suna cikin manyan masu ƙona fata da sa alaji.

Akwai wani abu da ya shafi duka mayukan nan baki ɗaya. A bakin fatar ido, daidai bayan layin gashin ido, akwai wasu ƙananan ƙofofi da suke fitar da mai wanda yake hana hawaye saurin bushewa, wani likita Bajamushe Heinrich Meibom ne ya yi bayaninsu a 1666 har aka sa musu sunansa, akwai kamar 25 zuwa 40 a fatar sama, 20 zuwa 30 a ta ƙasa. In suka toshe ido zai dinga bushewa yana yaji kamar an zuba yashi, ko kumburi irin na hazbiya ya fito. Don haka ko me zaki shafa ki tsaya nesa kaɗan da layin gashin, ɗumin jiki da ƙiftawa zasu kai shi inda ya rage. Kuma in matsalarki a gindin gashin ido take, kina tashi da kwantsa da ɓawo-ɓawo ya manne a gashin, bakin idon ya yi ja, to wannan ba bushewa bace, kumburin bakin fatar ido ne, mai ba zai warkar da shi ba, abun da ake yi shine a ɗora tsumma mai tsabta mai ɗumi minti 5 zuwa 10 sannan a goge bakin a hankali, kullum, in ya ƙi a ga likitan ido. Haka wanda yake da amosani a kai da gira, yana iya saukowa fatar ido ya yi ɓawo mai ɗan maiƙo, shi ma ƙara masa mai bashi da amfani, amosanin za a yi wa magani.

Sai maganar da ta fi ɗaga min hankali, wato mayukan sitiroyid, magungunan shafawa masu kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Mutum zai ji ƙaiƙayi ya ɗauko wani tub da aka taɓa bashi na ƙurajen hannu ko ƙafa, ko man bilicin da ke da kulobetasol ko betametazon a ciki, ya shafa a fatar ido, kwana biyu ya ga ta yi luwai sai ya ci gaba wata da watanni. Garin neman gira a rasa ido kenan. Sitiroyid mai ƙarfi a wajen nan yana ƙara sirantar da fatar da dama can siririya ce, jijiyoyi su fito, in an daina ciwon ya dawo da ƙarfi, mafi muni kuma yana iya shiga ido ya kawo hawan jinin ido wato gilakoma, ko yanar ido, kuma ganin da gilakoma ta cinye baya dawowa. Likita yana iya bada haidirokotizon mai kashi 1 na 'yan kwanaki kaɗan, ko ya bada wanda ba sitiroyid ba, takrolimus mai kashi 0.03 ko 0.1, ko fimekrolimus mai kashi 1, waɗannan basa sirantar da fata, sai dai kwanakin farko suna zafi da ɗumi kafin fata ta saba. Duka magani ne ba man shafawa ba, da hannun likita ake amfani da su.

Da rana kuma in zaki fita, fatar ido tana buƙatar kariya, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kansar fata a fatar ido take fitowa, akasari ta ƙasa, kuma ga masu duhun fata rana tana ƙara dafa tabon da sosa ya bari. Man kariyar rana mai zink oksaid ko taitaniyom dayoksaid ya fi sauran rashin yaji in gumi ya kai shi ido, in shi ma ya dame ki tabarau mai faɗi mai alamar UV400, wato mai tare hasken rana mai cutarwa, ya wadatar. Duk wani ƙurji ko gyambo a fatar ido da ya ƙi warkewa, ko yake jini, ko gashin wajen yake zubewa, a kai wa likita kar a tsaya shafe-shafe.

In na haɗa su gefe da gefe, ga yadda nake yi yanzu kuma nake gaya ma duk wanda ya tambaye ni. Fata ta tsage ko tana ja da raɗaɗi, a tsayar da komai har kwalliya, ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai ba sabulu, sai tsantsar basilin safe da dare na sati ɗaya zuwa biyu. Bushewa ce kawai, kirim mara ƙamshi da safe, ɗan basilin a kansa da dare in ana sanyi ko iska ta bushe. Fata mai maiƙo ko mai yawan fitar da fararen ƙurajen nan, kirim mara nauyi ya isa. Sabon abu kuma ko na wane kamfani ne sai na gwada shi a lanƙwasar gwiwar hannu sau biyu a rana na kwana 7 zuwa 10, kuma ɗaya bayan ɗaya nake shigo da su ba biyu a tare ba. Maskara in ta yi wata 3 da buɗewa na yar, goge kwalliya kuma da ɗan basilin ko ruwan gogewa mara ƙamshi a auduga, a ɗora a jira ta narke, banda dirza.

In an yi sati biyu ana haka ba sauƙi, to akwai abun da yake taɓa wajen kullum, kuma sau da yawa ba akan ido ake shafa shi ba. Tambayar da likitar ta fara min kenan, me kike sa wa a hannu da farce da gashi? Shamfu da rinin gashi suna gangarowa in ana wanka, turare yana tashi a iska ya sauka, ƙarfen nikel na abun lanƙwasa gashin ido ko firam ɗin tabarau, gam ɗin gashin ido na kanti, ɗigon maganin ido, har zoben zinare ma yana yi wa wasu. Akwai wani sinadarin hana lalacewa mai suna metilaisotayazolinon da ya addabi mutane har Tarayyar Turai ta hana saka shi a mayukan da ake bari a jiki daga 2017, amma har yanzu ana samunsa a sabulun ruwa da shamfu. Gwajin da aka yi min an manna min wasu 'yan faci a baya na awa 48, aka cire aka duba, aka sake dubawa bayan kwana biyu, sai ga waje ɗaya ya yi ja ya tasa, wani sinadari ne da ke cikin jan farcen da nake sawa. Yatsuna lafiyarsu ƙalau don fatarsu tana da kauri, amma duk sanda na kai hannu ido ina kai masa shi. Na goge jan farcen a ranar, na ci gaba da basilin ɗina da dare, kafin sati uku saɓar ta tsaya, duhun da sosa ya bari kuma ya ɗauki wasu watanni kafin ya washe.